Da gaske fatar Sakkwato ce Turawa ke kira fatar Maroko?

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce kin fara sana'ar sayar da jakunkuna da takalman fata da kike sarowa wajen dukawan unguwar Madunka ta nan Sakkwato, kuma kina son ki rubuta a tallarki cewa wannan ita ce "asalin fatar Maroko", don kin ji ana cewa fatar da duniya ta sani da wannan suna tamu ce ta Sakkwato, mutanen Maroko ne suka ƙwace mana sunan. Kina tambaya ko gaskiya ne. Allah ya sa wa sana'ar albarka. Na daɗe ina koyar da tarihi, kuma kakana na wajen uwa baduku ne, a gindin shimfiɗarsa na yi wayo, don haka tambayar nan ta taɓo ni ta fuska biyu.

Akwai gaskiya a maganar, amma ba kamar yadda ake faɗarta a majalisa ba. Fatar jar akuyarmu ta ƙetare Sahara, ta shiga kasuwannin Turai, an kuma sayar da wata a ƙarƙashin sunan Maroko. Wannan ba gardama. Inda nake rabuwa da masu ba da labarin shi ne wajen cewa duk fatar Maroko daga nan take, da kuma cewa wani ya zauna ya shirya sace mana suna.

Fara da lissafin shekaru. Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ya dawo cikinsa daga baya, ya rasu a nan a 1817. Su kuwa Faransawa tun ƙarni na 16 suke kiran jemammiyar fatar akuya mai laushi da kalmar maroquin, wato ta Maroko. Kin ga sunan ya girmi garinmu da kusan shekara 300. Kuma Maroko ba ƙasar da ta rasa majema ba ce. A Fas da Marakish akwai majemun da suka yi ɗaruruwan shekaru suna aiki, har yau masu yawon buɗe ido na zuwa su toshe hanci da ganyen na'ana'a su kalli ramukan. Suna da awakinsu, suna da nasu sinadarin jima. Wanda ya ce ba su taɓa jeme fata ba, tamu kawai suke sayarwa, ya zalunce su.

To amma kada ki ce ashe ƙasarmu baƙuwa ce a harkar. Akwai wani malami haifaffen Andalus wanda ya tashi a Fas ɗin nan, Hasan al-Wazzan, Turawa na ce masa Leo Africanus. Ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga shi a 1550. Da ya zo kan ƙasar Gobir, sai ya ce akwai masu sana'a da yawa, kuma suna ɗinka takalma irin waɗanda mutanen Rum na da suke sawa, ana kai yawancinsu Tumbutu da Gao. Ki lura da wannan: mutumin Fas ne, garin majema, yake ba da shaidar dukancin Gobirawa, shekara 500 da suka wuce. Gobir kuwa ai nan ce, ƙasar da daga baya Alƙalawa ta zama babban birninta. Sana'ar ta riga birnin Sakkwato, birnin ne ya zo ya tattara ta wuri ɗaya. Bello mutum ne mai kula da masu sana'a. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya sa kula da su cikin ayyukan shugaba. Gari sabo, ga mahaya masu bukatar kayan doki da kube, ga malamai masu bukatar gafaka, dole majemi da baduku su sami ciniki.

Shaidar ido ma akwai. Clapperton, Baturen nan da mutanenmu suka laƙaba wa suna Abdullahi, ya iso Sakkwato a 1824, Waziri Gidado ɗan Laima ne ya kula da saukarsa. Ya sake dawowa, ajali ya same shi a nan a 1827. A bayaninsa na sana'o'in garin ya ambaci jemammun fatun awaki da ake rinawa ja da rawaya. Barth kuma, mai laƙabin Abdulkarim, ya zauna Kano a 1851, ya ga yadda takalma da jemammun fatu ke fita arewa, sannan ya zo Wurno da Sakkwato a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya yaba aikin fatar da ya gani a kasuwa.

Ga inda labarin majalisa ke tuntuɓe. A ƙarni na 19 babbar hanyar ayari ba Maroko ta nufa ba. Fata kan bar nan zuwa Kano, a Kasuwar Kurmi ta shiga hannun Larabawan Gadamas da na Tarabulus, a ɗaure ta damma-damma, a ɗora wa raƙuma. Daga Kano sai Damagaram, sai Agadas, sai Gat, sai Gadamas, sai Tarabulus a bakin teku, tafiyar watanni. Tarabulus kuwa Libiya take. Daga can jiragen ruwa ke kwasa zuwa Turai, a ƙarshen ƙarnin har zuwa Amurka. Akwai hanyar yamma da ke bi ta Tumbutu ta ɓulla Maroko, kayanmu sun bi ta, amma ba ita ce ta ɗauki kaso mafi tsoka ba a wancan zamani. (Abin dariya, unguwar da waɗannan Larabawa suka zauna a Kano ita ce Dandalin Turawa, don a da Balarabe ake ce wa Bature. Da masu jajayen kunnuwa suka zo, sai sunan ya koma kansu. Su ma ashe sunan wani suka gada.)

Yaya kuma fatar da ta fita ta Tarabulus za ta amsa sunan Maroko? Domin a kasuwar Turai kalmar ta riga ta bar zama sunan ƙasa, ta koma sunan iri. Duk fatar akuyar da aka jeme da itace, mai kyawun ido, musamman ja, Maroko ake ce mata ko daga ina ta fito. Suna da wadda suke kira Marokon Farisa, ita kuwa daga Indiya take. Suna da Marokon Faransa, ita ba ma akuya ba ce, tunkiya ce aka yi wa kwalliya. Da yawa kuma a Turai ɗin kanta aka jeme su.

Mu ma haka muke yi, kullum. Goron da kakanninmu ke kira ɗan Gwanja, a dazukan Asante ake shuka shi, fatake ne kawai ke saro shi a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, sai sunan masaukin ya bi shi har Sakkwato. Motar da ƙaninki zai ce miki 'yar Kwatano ce, a Japan aka ƙera ta, wani ya more ta a Turai, Kwatano tashar jirgi ce kawai. Shaddar da ake ce wa 'yar Mali, yawancinta a Turai ko Sin aka saƙa ta, rini da bugu ne na Mali. Kaya na ɗaukar sunan wurin da mai saye ya fara ganinsa. Idan za mu kai Maroko ƙara, sai mu shirya Asantawa su kai mu ƙara kan goro. Gaskiya ne dai kura ce ta sha bugu gardi ya karɓi kuɗi, amma gardin nan kasuwa ce, ba wani mutum ba.

Yanzu bari in ba ki labarin da ya fi wancan daɗi, kuma ya fi shi tabbas, wanda ba kasafai ake ba da shi ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 manyan ɗakunan karatu na Ingila suka shiga tashin hankali. Littattafan da aka yi wa bango da fata shekara 300 da 400 baya suna nan garau, amma waɗanda aka yi wa bango shekara 20 ko 30 da suka wuce suna rugurgujewa. Mutum ya ɗauko littafi, hannunsa ya yi ja da garin fata kamar ya taɓa jan bulo. A 1900 wata ƙungiyar masana ta Landan mai suna Society of Arts ta kafa kwamiti a kan matsalar, rahoton ya fito a 1901. Abin da aka gano abu biyu ne suka haɗu. Masana'antun jima na zamani, don sauri da son launi mai ɗaukar ido, suna amfani da asid mai ƙarfi da wasu sinadaran jima marasa ƙarko. Sannan hayaƙin gawayin kwal da na fitilun gas da ake kunnawa a ɗakunan karatu yana ɗauke da farar wuta, fata ta shaƙe shi, ya rikiɗe ya zama asid a cikinta, ya ci ta daga ciki.

A wannan shekara ta 1901 wani gwanin yi wa littattafai bango, Douglas Cockerell, ya buga littafinsa na koyar da sana'ar. A ciki ya ce fatar da ya samu ta fi masa amfani ita ce fatar akuyar da kamfanin Royal Niger Company ke kawowa daga Afirka, tana da kyawun launi da kyawun jiki, kuma ta jure gwaje-gwajen da aka yi mata ba tare da ta lalace ba. Wace fata ce wannan? Ta ƙasar Hausa ce, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, irin wadda ake yi a nan da Kano. A lokacin Turawa ba su ma ci Sakkwato ba tukuna, sai 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya. Wato majemin da ke zaune bakin kwatarniyarsa, bai san akwai wani gari wai shi Landan ba, shi ne ya riƙe maganin cutar da ta gagari masana'antunsu. Daga nan masu bangon littafi suka riƙa nemanta da sunan Niger, sunan kogin Kwara da kamfanin ya ara. Kin ga karo na biyu ke nan da fatar ta yi suna, kuma karo na biyu da sunan bai zama Sakkwato ba. Sai dai wannan karon an san daga inda ta fito, a rubuce yake, ba ji-ta-ji-ta ba. Har gobe masu gyaran tsofaffin littattafai a Turai da Amurka sun san darajar akuyar Najeriya.

Me ya sa ta jure? A nan sai in ajiye littafi in koma yarantaka.

Kakana ba ya jima, ɗinki yake yi, amma ba ya yarda a sayo masa fata. Da kansa yake zuwa majema, ni kuma in bi shi riƙe da igiyar ɗaurewa. Tun daga nesa wari ke yi maka maraba, kuma warin nan ba iri ɗaya ba ne, wanda ya saba zai gaya maka wace kwatarniya aka buɗe. Busasshiyar fata a ruwa take fara kwana ta yi laushi. Sai a tsoma ta a ruwan toka na 'yan kwanaki har gashin ya saki. Majemi ya shimfiɗa ta a kan gungume, ya kama kartaji da hannu biyu ya kankare, gashin na zubowa kamar ana share laka. Daga nan a jiƙa ta da dakakkiyar fatakka, wani tsiro mai yaɗo, wasu kuma kashin kaji ko na tattabaru suke sawa, don ta saki tokar da ta sha, jikinta ya buɗe. Wannan matakin ne mai warin da ke korar baƙo. Sai a wanke, sannan a zo kan uwar aikin, bagaruwa. 'Ya'yanta busassu ake dakawa, a jiƙa, a tura fatar a ciki ana murzawa ana matsewa, ana sake ruwa, har ta ci ta ratsa. Bayan nan a kankare bayan, a shafa man gyaɗa, a yi ta ja ana bugawa har ta yi laushi, a shanya.

Kakana yakan ɗauki fata ya naɗe ta a tafin hannu, ya matse, ya saki, ya kai ta kusa da kunne yana murzawa. Ina tsammanin wasa yake. Wata rana wani majemi ya miƙo masa wata mai kyawun gani, ya murza ya mayar. Majemin ya ce, "Haba Baba, mi ta yi?" Ya ce, "Wagga ba ta sha bagaruwa ba, gaugawa anka yi mata. Yanka bakinta ka gani." Aka yanka ɗan gefe, sai ga wani siririn layi fari a tsakiya, inda jimar ba ta kai ba. Majemin ya yi dariya ya ce, "Awo, ta masu sauri ce, ba taka ba." Ya shiga ciki ya fito da wata.

Abin da masana suka fahimta daga baya shi ne, jimar gargajiya ba ta san asid mai ƙarfi ba, kuma ruwan bagaruwa na barin wasu gishirai na itace a cikin fatar, waɗanda ke tare asid idan ya shigo daga iska. Masana'antar da ta wanke fata tas don ta yi haske, ta wanke garkuwarta ke nan. Majeminmu bai wanke ba, don bai ga dalili ba.

Launin kuma, wannan jan da ya tafi da hankalin Turawa, daga gona yake. Karan dafi wata irin dawa ce da ba don hatsinta ake shuka ta ba, don ɓawon da ke lulluɓe da karanta, mai ja kamar jini ya bushe. A daka shi, a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, a shafa wa fata da tsumma ana murzawa da hannu, sannan a bi da ruwan lemun tsami, sai jan ya washe ya zauna. Shi ne dai wanda iyayenki ke dafa wa mai ƙarancin jini. Kuma idan kin taɓa cin abincin nan na Gana da suke kira waakye, jan da ke jikinsa na ganyen dawar nan ne, sunan ma wake ne na Hausa, daga shinkafa da wake. Baƙi kuwa da kuloko ake yi, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, ƙarfen da ke ciki ne ke gamuwa da bagaruwar da ke jikin fata sai wurin ya baƙanta nan take. Shi ya sa baduku ke iya zana ado da shi kamar mai rubutu da tawada. Rawaya daga gangamau. Tsanwa ita ce mai tsada, da garin tagulla ake fitar da ita, shi ya sa ba za ki gan ta shimfiɗe ba sai 'yan siraran layuka a bakin jaka ko kube. Buzaye na matuƙar sonta.

Ita kanta akuyar tana da nata rabon yabo. Jar akuya, wadda a littattafan dabbobi ake kira da sunan Sakkwato, a Nijar kuma da sunan Maraɗi, iri ɗaya ce iyaka ta raba. Ba ta da girma, gashinta gajere ne mai sheƙi, ja mai duhu, tana yawan haifar tagwaye. Fatarta ba kauri, amma zarenta a cushe yake, idonta ƙanana a jere, tana shan rini daidai, ba ta saurin yagewa. Shi ya sa ban da bangon littafi ake nemanta don safar hannu da takalma masu tsada. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: akuyar gida ce, yawanci ta mata, a tsakar gida take, da damina a turke. Dabbar da ba ta yawo cikin ƙaya da kaska, fatarta ba tabo. Wato matan ƙauyukan Achida da Wurno da Illela suna da hannu a cikin ingancin da ake yabo a Landan, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta sunansu. Turawan mulki sun gane darajar irin, har suka riƙa sa a dandaƙe bunsurun da ba ja ba don kada ya gurɓata.

Akwai wata musaya a cikin cinikin nan da nake son ɗalibai su gani da ido. Idan kika je gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, ko gidan wani malami mai tsofaffin littattafai, ki roƙa a nuna miki ɗaya. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke, a haɗa su cikin tadarishi, wato bangon da ke riƙe warƙoƙin, a ɗaure da tsirkiyar fata, a sa a gafaka. Ki ɗaga warƙa ɗaya ki duba ta a hasken rana. Sau da yawa za ki ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Wannan takarda daga arewacin Italiya take, yankin Banis, masana'antar iyalan Galvani na cikin waɗanda suka fi yin ta, ta zo ta Tarabulus ko Masar. Raƙuman da suka kai fata arewa su ne suka dawo da takarda kudu. Malamin Sakkwato na rubutu a takardar Italiya ya naɗe ta da fatar gida, Bature kuma na buga littafi a takardarsa ya lulluɓe shi da fatar Sakkwato. Akuya ɗaya ce ke tsaron littattafan ɓangarorin biyu.

Ayarin Sahara ya mutu ne a hankali, sannan farat ɗaya. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano. Fata ta juya ta nufi Ikko. Jirgin ƙasan bai taɓa zuwa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, don haka Kano ta ci gaba da zama ƙofar fitar kayanmu, kuma can ne manyan masana'antun jima suka kafu daga baya, a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Canjin da ya fi yi mana illa shi ne kamfanonin Turawa sun fi son ɗanyar fata busasshiya, su kai can su jeme yadda suke so. Daga masu sayar da aikin hannu muka koma masu sayar da kayan aiki. Yau ma yawancin fatar awakin da ke fita waje da sinadarin masana'anta da ake kira kurom ake jeme ta rabi, a tura Italiya da Sifen a ƙarasa, ta fito da sunan wani kamfani. Karo na uku ke nan.

Kuma tunda ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibiya ba. Cockerell ɗin nan da ya yabe mu, a wuri guda ya yi ƙorafin cewa fatun da yawa suna zuwa da aibi da tabo, wasu ma ba su moruwa. Shekara fiye da 120 ke nan, kuma ki zagaya unguwa ranar Babbar Salla ki gani ko an daina. Yaro ya kama wuƙa mai tsini yana fiɗa yana hira, ya huda fatar wuri uku, a jefar da ita a rana kan ƙasa har la'asar, ba gishiri. Kafin mai saye ya zo ta fara ruɓa daga ciki, ba kuma za a gani ba sai ta shiga ruwa a majema, gashi da ido su saluɓe tare. Fiɗar akuya ta gwani, wuƙa buɗewa kawai take yi, sauran aikin dunƙulen hannu ne. A inuwa ake shanya ta, a miƙe, iska na ratsa ta gaba da baya. A ganina wannan ya fi cutar da sunan fatar Sakkwato fiye da duk abin da wani ɗan Maroko ya taɓa yi.

To me za ki rubuta a tallarki? Ni dai ba zan ba ki shawarar "asalin fatar Maroko" ba. Wanda ya san tarihi zai yi miki gardama ya kuma yi nasara, wanda bai sani ba kuma zai ɗauka daga Maroko kika yi odar kayan, kin ga kin sake ba su sunan da hannunki. Ki rubuta abin da ba mai iya ƙaryatawa: fatar jar akuyar Sakkwato, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, ɗinkin hannu na Madunka. Idan kina son ƙarin gishiri, ki ce irin fatar da masu bangon littafi na Ingila suka zaɓa tun 1901 saboda ƙarkonta.

Sai dai kafin ki rubuta, ki tabbata haka ɗin ne, don ba duk abin da ke rataye a rumfar baduku ba ne jimar bagaruwa. Da yawa yanzu suna ɗinki da ragowar fatar kamfani, wasu da leda mai kama da fata, rinin ma na gwangwani ya yi yawa. Ba laifi ba ne sayar da su, laifin a kira su da sunan da ba nasu ba. Ki ce wa mai ɗinkin, "Baba, a ba ni ɗan guntun da ya rage," ba zai hana ki ba. Ki dubi bakin yankan. Jimar bagaruwa cikinta fari-fari ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, kamar launin tuwon dawa, ta kurom kuwa cikinta shuɗi-shuɗi ne mai toka-toka. Ki ɗiga ruwa a bayanta, ta bagaruwa za ta shanye wurin ya yi duhu. Ki sansana, tana da ƙamshin itace da ɗan man gyaɗa, ba warin fenti ba. In har yanzu kina shakka, ki ƙona ɗan ƙyalle a kan murfin kwano: ta kurom kan bar toka mai ratsin kore, leda kuma narkewa za ta yi ta dunƙule tana warin roba. Jan karan dafi shi ma ba ya ɓuya, ba ya ƙyalli kamar na kanti, yana da zurfi, kuma ba ya zama daidai wa daida ko'ina, za ki ga inda hannun mai shafawa ya fi dannawa. Kada ki bari mai saye ya ce miki aibi ne, ki nuna masa ki ce nan ne hannu ya bi.

Idan kin tashi zuwa Madunka ki biyo ta gida, gafakar kakana na nan rataye a ɗakin karatuna. Maratayin ya tsinke sau biyu an sake shi, jikin kuwa jan ya koma kamar na cikakken dabino, amma ko tsaga ɗaya babu. Ki zo da guntayenki mu gwada su kusa da ita. Ki gaida mahaifiyarki.